SAUNA A KAN TAYOYI: YADDA FINAWA KE KAI AL'ADAR WANKANSU ƘASASHEN WAJE

Bahaushe in ya ji an ce "sauna", abin da zai faɗo masa a rai shi ne mutum marar wayo, ɗan'uwan sakarai da shashasha. Saboda haka tilas ne tun da fari mu kawar da wannan ruɗani. Saunar da wannan maƙala ke magana a kanta daban ce, sauti kurum ya haɗa su, ba su da wata dangantaka ta asali. Kalma ce ta harshen mutanen Finlan, ƙasar da ke can ƙuryar arewacin Turai tsakanin Suwidin da Rasha. Domin sauƙin magana za mu riƙa kiran mutanen Finawa, ɗayansu Bafine, harshensu kuwa Financi. A Financi sauna ɗaki ne na katako wanda ake zafafawa da murhun duwatsu, a shiga a yi gumi, a fito a sha iska, sannan a yi wanka. Babu wata kalmar Financi da ta yaɗu cikin harsunan duniya kamarta. Abin dariya ma, Bahaushe ya fi Bature ɗan Ingila iya furta ta daidai, domin Hausa na da tagwan wasalin nan "au" kamar yadda Financi ke da shi, alhali Turawan Ingila sukan lanƙwasa shi ya koma wajen "o".

Sai dai kalma takan riga al'ada isa gari. A yau da wuya a sami babban otal a manyan biranen duniya da ba shi da wani ɗan ɗaki da aka rubuta wa wannan suna a ƙofa, amma Bafine in ya leƙa galibinsu sai ya girgiza kai. Wannan ne ya sa wasu ƙungiyoyinsu na ƙetare suka ɗauki wata dabara, watau su gina saunar a kan ƙaramar tirela, mota ta ja ta daga gari zuwa gari, su kai wa mutane ita har ƙofar gida. Abin da muke so mu duba a nan shi ne: wane ɓangare na al'adar ne ke iya hawa mota ya yi tafiya, wane ne kuma ke zama a gida ko da an so ɗaukarsa?

Ɗakin da abin da ke cikinsa

Tsarin ɗakin ba shi da wuya. A kusurwa ɗaya akwai murhu, wanda suke kira kiuas, an tula duwatsu a kansa. A ɗaya gefen akwai bencina na katako hawa-hawa, domin zafi sama yake taruwa: mai son zafi ya hau sama, yaro da tsoho su zauna ƙasa. Zafin iskar ɗakin yakan kai digiri 70 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos. Mai karatu na iya tambaya, ta yaya mutum zai zauna cikin zafin da ke tafasa ruwa bai ƙone ba? Amsar ita ce iskar busasshiya ce, busasshiyar iska kuwa ba ta saurin miƙa zafinta ga fata, ga shi kuma gumi na bushewa yana sanyaya jiki. To, amma da zarar an ɗebi ruwa da ludayi an watsa kan duwatsun, sai tururi ya tashi ya bugi rufi, ya sauko bisa kafaɗun mutane, ya koma ruwa a kan fatarsu, ya sake mata zafin da yake ɗauke da shi. Ma'aunin zafi na jikin bango ba zai motsa sosai ba, amma jiki zai ji kamar an ƙara wuta.

Wannan tururin shi ne suke kira löyly, kuma a kansa al'adar duka ta rataya. Financi na da wata kalma dabam ta tururi na yau da kullum, irin na tukunya ko na inji, ba a kuwa musanya su. Löyly tururin duwatsun sauna ne kaɗai. Masu nazarin asalin kalmomi sun nuna cewa tsohuwar ma'anarta ita ce numfashi ko kurwa, kuma 'yar'uwarta a harshen Hungari, wanda ke dangi ɗaya da Financi, ita ce lélek, watau rai. Ke nan in Bafine ya fito ya ce löyly ya yi kyau, yabon da yake yi ya wuce na zafi. Yana nufin tururin ya zo da taushi, bai soki fata ba, bai shaƙe numfashi ba, ya kuma daɗe kafin ya baje. Suna da sifofi da yawa na bayyana shi, kamar dai yadda makiyayi ke da sunaye barjat na launin saniya inda ɗan birni ke ganin fara da baƙa kawai.

Abu na biyu shi ne damin ɗanyun rassan wata bishiya mai farin ɓawo da suke kira koivu. Ana jiƙa damin a riƙa bugun jiki da shi a hankali. A yammacin ƙasar sunansa vihta, a gabashi kuwa vasta, kuma wannan bambanci na cikin sanannun alamun da ake raba karin harshen yamma da na gabas da su.

A ƙauyukan Finlan na dā, sauna ta wuce wurin wanka. Irin ta asali, wadda ake kira savusauna, ba ta da bututun hayaƙi. Akan hura wuta na tsawon sa'o'i, hayaƙi ya cika ɗakin, sai wutar ta mutu hayaƙin ya fita sannan a shiga. Zafi da hayaƙi sun sa ta zama wuri mafi tsabta a gida, ga ruwan ɗumi a kusa, don haka a nan mata ke haihuwa, a nan ake wa amarya wanka, a nan kuma ake wanke gawa. Urho Kekkonen, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1956 zuwa farkon 1982, a irin wannan ɗaki aka haife shi cikin 1900. A nan ake ƙyafe nama, a nan kuma masu ƙaho, waɗanda galibinsu mata ne, ke tsaga fata su zuƙe jini da ƙahon saniya. Wanda ya san aikin wanzamanmu, ko ya san yadda mai jego ke fyaɗa ruwan zafi a jiki da damin ganye, zai ga kama. Kama ce kawai ta buƙatar ɗan Adam, ba aro ba ne, kuma bai kamata a kira sauna sirace ba, domin sirace magani ne na marar lafiya, sauna kuwa mai lafiya ke shiga, bisa al'ada kowace Asabar da maraice. Suna da karin magana da ke cewa a natsu a cikinta kamar yadda ake natsuwa a majami'a: ba hayaniya, ba zagi, ba gardama.

Lokacin da hukumar UNESCO ta sanya al'adar cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2020, an ƙiyasta akwai sauna miliyan 3.3 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 5.5 ba. Maƙwabtansu na kudancin Estoniya sun riga su shiga jerin tun 2014 da tasu saunar hayaƙin.

Tafiyar farko: ƙaura

Tun kafin a yi tunanin taya, sauna ta yi tafiya a cikin kawunan masu ƙaura. Daga wajen 1870 zuwa shekarun 1920 Finawa fiye da 300,000 suka haye zuwa Amurka ta Arewa. Da yawansu sun sauka a arewacin jihar Mishigan inda ake haƙar jan ƙarfe, da arewacin Minesota inda ake haƙar tama, da kewayen garin da yanzu ake kira Thunder Bay a Kanada. Manomi in ya sami fili, sau da yawa saunar yake fara ginawa, iyali su zauna ciki har a gama babban gida. Haka kuma mutanen yankin Kareliya, su kimanin 400,000, suka yi a cikin Finlan kanta, sa'ad da aka sake tsugunar da su bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da ƙasarsu hannun Tarayyar Sobiyet.

Maƙwabta ba su fahimci abin ba. A garin Cokato na jihar Minesota akwai wata saunar hayaƙi da wasu iyalai suka haɗu suka gina a 1868, wadda aka adana har yau. Da hanya ta bi ta gefenta, sai masu wucewa suka yi ta ƙorafi a kan mutanen da ke fitowa shan iska ba sutura, magana ta kai kotu a 1885, daga bisani aka ɗauke ginin aka matsar da shi. In mutum na son raha sai ya ce ita ce saunar tafi-da-gidanka ta farko a Amurka, ko da yake ba da son ranta ta yi tafiyar ba.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne abin da ya faru da jikokin waɗannan mutane. Kakanninsu sun kafa majami'u da jaridu da zaurukan taro, har da kwaleji, watau Kwalejin Suomi da aka buɗe a garin Hancock cikin 1896. Sannu a hankali Financi ya fita daga bakin 'ya'ya, jaridun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kwalejin ma, wadda ta zama Jami'ar Finlandia, aka rufe ta a 2023. Amma saunar bayan gida tana nan. Za ka sami mutumin da bai iya haɗa jimla ɗaya da Financi ba, amma ya riƙe kalmomi biyar ko shida, kusan dukkansu na wanka da abinci, kuma zai gyara maka furuci nan take in ka kira sunan ɗakin irin na Turawan Ingila. A wurinsa wannan wasali ɗaya shi ne shaidar asali. Wannan ya nuna mana cewa al'adar da jiki ke yi takan fi wadda baki ke faɗa tsawon rai a baƙon wuri, watakila domin ba ta bukatar makaranta, ba ta kuma hana mutum samun aiki.

Sojoji da jakadu

Masu fara ɗaukar sauna da gangan su kai ta wani wuri su ne 'yan wasa da sojoji. A wasannin Olamfik na Barlin cikin 1936 an gina wa 'yan wasan Finlan sauna a masaukinsu, abin da ya sa Jamusawa suka fara sha'awarta. Sojojin ƙasar kuwa suna da ta tanti, wadda ake naɗewa a jefa a mota. Tun da suka fara aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Suwez cikin 1956, an san su da cewa duk inda suka yada zango sai sun tayar da sauna: a Ƙubrus, a Tuddan Golan, har a Eritiriya a farkon shekarun 2000, inda zafin rana kaɗai ya isa ya sa mutum gumi. Wannan misali na ƙarshe yana rushe zaton da ake yi cewa sanyi ne kaɗai dalilin al'adar. Sojan da ke Eritiriya ba ɗumi yake nema ba, Asabar ɗin gidansu yake nema.

Shugaba Kekkonen ya shahara da shigar da baƙinsa sauna, har da shugabannin Sobiyet, a tattauna a can. Ofishin jakadancin Finlan a Washinton ya mayar da abin tsari a 2008 da ya kafa wata ƙungiyar sauna, yana gayyatar 'yan jarida da ma'aikatan majalisa. A Landan kuma majami'ar Finawa ta unguwar Rotherhithe, wadda asalinta ta ma'aikatan jiragen ruwa ce, tana da sauna a cikin gininta. Sai dai duk waɗannan sai an je musu, kuma ba kowa ake gayyata ba.

Saunar da ke zuwa da kanta

A nan ne taya ta shigo. Abin da ya sa ta yiwu shi ne sauyin da aka samu a murhu. Murhun dā sau ɗaya ake hura shi, duwatsu masu nauyin gaske su sha zafi su riƙe shi har dare. Wannan ba ya hawa tirela. Amma daga shekarun 1930 aka sami ƙaramin murhun ƙarfe mai bututu, wanda wuta ke ci a cikinsa ana wanka, duwatsunsa kaɗan ne, kuma cikin sa'a guda ɗaki ya yi zafi. A Finlan abin har ya zama wasa: a garin Teuva an riƙa yin taron shekara-shekara na saunoni masu tafiya, inda aka ga waɗanda aka gina cikin tsohuwar bas, da motar girbi, da rumfar tarho.

A ƙetare kuwa abin ba wasa ba ne. Misali mafi girma shi ne na 2017, shekarar da Finlan ta cika shekara 100 da samun 'yancin kai daga Rasha, wanda ta ayyana ranar 6 ga Disamba 1917. Finawan Amurka suka sa aka ƙera sauna a kan tirela a jihar Minesota, suka raɗa mata suna Sisu, kalmar da ke nufin naci da taurin rai a gaban wahala. Ta tashi daga Minneapolis a watan Janairu, ta bi ta kudu da yamma, ta dawo tsakiyar ƙasar, ta ƙare a Washinton cikin Disamba. A kowane zango ƙungiyar Finawan wurin ce ke karɓarta, ta kira maƙwabta. A daidai wannan lokaci kuma aka kafa wata ƙungiyar gama-kai a Minneapolis, mai suna 612 Sauna Society, wadda membobinta suka mallaki sauna guda mai taya suna zagayawa da ita unguwa-unguwa. A gaɓar tekun Ingila ma tun wajen 2018 ake ta mayar da tirelolin ɗaukar dawaki saunoni, ko da yake yawancin masu yin haka ba Finawa ba ne.

A ganinmu, amfanin irin wannan sauna ba a katakonta yake ba. Ɗakin otal ma katako ne. Bambancin shi ne mai taya ba ta zuwa ita kaɗai, sai da mai ita. Wani ne ya tuƙo ta, ya faskara itace, ya hura wuta, zai kuma zauna a benci tare da baƙo. Ladubban sauna ba a rubuce suke ba, a wurin zama ake ɗaukarsu: a wanke jiki kafin a shiga, a shimfiɗa ƙyalle a zauna a kai, a rufe ƙofa da sauri, kada a watsa ruwa sai an tambayi na kusa, kada a duba agogo, wanda ya ji ya isa ya fita ba mai yi masa dariya. Ɗakin otal ba ya koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sau da yawa ma akwai sanarwa a bango mai hana zuba ruwa a kan duwatsu, watau an hana löyly ke nan, an bar mutum zaune cikin tanda.

Akwai kuma gyaran suna. A wasu biranen Turai da Asiya an daɗe ana liƙa kalmar a ƙofar gidajen masha'a, abin da ke ƙona wa Finawa rai, domin a wurinsu maza da mata da ba iyali ɗaya ba galibi dabam-dabam suke shiga, kuma wurin da ake haihuwa ake wanke gawa ba wurin alfasha ba ne. Wasu kuma sun ɗauka gasar juriya ce. Finawa da kansu sun taimaka wa wannan kuskure da gasar da suka riƙa yi a garin Heinola daga 1999, wadda aka soke bayan wani ɗan Rasha ya mutu a zagayen ƙarshe cikin 2010. Tirelar da aka ajiye a filin majami'a ko gefen kasuwa, tsofaffi da yara na shiga suna fita, ta fi kowace takardar bayani saurin goge waɗannan zato.

Abin da tirela ba ta ɗauka

Amma kada a zaci komai ke isa lafiya. Na farko, dokar hanya ta ƙayyade nauyi da tsayin abin da mota za ta ja. Ƙarancin duwatsu na sa tururi ya zo da kaifi ya wuce da wuri. Akwai kuma wata ƙa'ida da ake jingina wa masanin al'adu Sakari Pälsi, cewa ƙafafun mai wanka su kasance sama da duwatsun murhu, domin jiki duka ya shiga cikin zafi ɗaya. A ɗaki mai gajeren rufi wannan na da wuyar samuwa, sai ka ga kai na tafasa ƙafa na sanyi. Maƙera na ta dabarun nutsar da murhu ƙasa, amma wanda ya saba da saunar hayaƙi ta bakin tabki zai gane bambanci tun ludayin farko.

Na biyu, tabkin kansa. Finlan na da tabkuna kimanin 188,000 in an haɗa da ƙanana, da gidajen hutu na bakin ruwa wajen rabin miliyan. Rabin wankan a waje ake yinsa: a fito a faɗa ruwa, ko a zauna a dakali shiru ana kallon magariba. A filin ajiye motoci sai dai baho na ruwan sanyi da idanun masu wucewa. Saboda idanun nan ne kuma tilas a sa kayan ninƙaya, a haɗa maza da mata, a yanka tikiti na sa'a guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin sauyi ne, amma in an tara su sai a ga wankan iyali na daren Asabar ya koma abin da ake yi wa layi. Damin ganye ma yakan gagara. Inda babu koivu sai a yi da abin da ke akwai, kamar yadda Finawan Mishigan da Minesota suka daɗe suna yi da rassan wata bishiya dangin sida.

Na uku, dalilin shiga. A 2015 masu bincike na Jami'ar Gabashin Finlan suka buga sakamakon bin diddigin maza 2,315 na yankin Kuopio na tsawon shekara 20 da ɗoriya, inda suka ga masu shiga sau 4 zuwa 7 a mako sun fi masu shiga sau ɗaya ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya. Binciken dangantaka ya nuna, bai tabbatar da cewa saunar ce sanadi ba. Duk da haka, da wannan sakamako ake tallar sauna a Amurka da Ingila yanzu. Baƙo yakan zo da agogo a hannu yana ƙidayar mintoci kamar mai shan ƙwayar magani, yana tambayar digiri nawa ne ya fi amfani. Har akwai akwatunan da ke gasa jiki da fitilun lantarki, babu dutse babu ruwa, ana sayar da su da wannan suna, abin da Ƙungiyar Sauna ta Finlan, wadda aka kafa a 1937, da takwarorinta ba su yarda da shi ba.

A nan mai tirela ke samun kansa a tsaka mai wuya. In ya ƙi maganar lafiya, mutane ba za su zo ba, kuɗin mai da na itace kuwa ba sa jira. In ya bi ta, ya zama ɗaya daga cikin masu sayar da gumi. Waɗanda suka fi ƙwarewa a cikinsu sukan bar baƙo ya shigo da dalilinsa, ba su yi masa gardama ba, sai an zauna an yi shiru su miƙa masa ludayin, su ce ya tambayi na kusa da shi kafin ya zuba.